Casio F-91W da 'yan gidansu: agogon da zai riƙe ka, kuma nawa ya kamata ka kashe

Jama'a duk wanda ya tambaye ni wane agogo zai siya wanda ba zai ba shi ciwon kai ba, amsata ɗaya ce kuma ba na canza ta, ka nemi Casio na gaskiya, ko da kuwa ɗan ƙaramin nan ne baƙi na roba, F-91W, wanda ɗalibai da masu gadi da nas-nas na asibiti duk suke ɗaurawa. Na san wasu za su ce haba malam, agogon yara za ka haɗa mu da shi? Toh ku ɗan yi haƙuri ku karanta tukunna. Ni dai abin da nake nema a wajen agogo shi ne ya faɗa min lokaci daidai, ya jure zufa da ruwan alwala, sannan ranar da batirinsa ya mutu in samu wani a bakin titi ba sai na yi aike Dubai ba. In ya yi wannan ya gama aikinsa, sauran kuma ado ne, shi ma adon ba laifi ba ne amma ka san cewa shi kake biya wa kuɗi.

Shi F-91W ɗin nan tun 1989 kamfanin Casio na Japan ya fito da shi kuma har yau kusan bai canza kama ba. Nauyinsa giram 21 ne kacal, wallahi sai ka manta yana hannunka, kaurinsa bai kai milimita 9 ba don haka yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani lafiya lau ko da kuwa mai links ne. Botin uku gare shi, biyu a hagu ɗaya a dama. Yana nuna awa da minti da sakan, da rana da kwanan wata, akwai ƙararrawa guda ɗaya, akwai agogon ƙirga gudu, kuma in ka kunna masa yana yin ɗan "fit-fit" duk awa. Batirinsa CR2016 ne, irin falalen nan mai kama da kwabo, kamfanin ya ce yana kai shekara 7. Mutane da yawa ma robar hannun ce take fara tsinkewa batirin na nan da ransa. Kuɗinsa a ƙasashen waje yana yawo ne tsakanin dala 15 zuwa 25, ya danganta da shago.

Abin da ya fi burge ni da shi kuma mutane ba su cika sani ba shi ne daidaiton lokaci. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutse da ake kira kwatz, batir na ba shi wuta yana karkarwa sau 32,768 a duk sakan ɗaya, da wannan ake ƙirga lokacin. Casio sun ce kuskurensa ba ya wuce sakan 30 a wata, gaba ko baya. Yanzu ka ɗauko Rolex na gaskiya, wanda kuɗinsa ya isa ka sayi fili a wasu unguwannin, su da kansu alƙawarin da suke yi shi ne sakan 2 a rana, ka lissafa a wata ka ga minti ɗaya kenan. Wato a takarda dai ɗan robar nan ya fi Rolex riƙe lokaci. Ba wai Rolex ba shi da kyau ba ne, a'a, shi injin ƙarfe ne da sifirin, ba batir, aikin gwaninta ne na gaske, amma wanda ya ce maka tsada ita ke sa agogo ya yi daidai bai san agogo ba. Tun ranar 25 ga Disamba 1969 da Seiko suka fitar da Astron, agogon hannu na farko mai kwatz, maganar nan ta ƙare, daga baya kuma daidaiton lokaci ya zama abu mai arha.

Amma fa yana da nasa aibun, ba zan ɓoye ba. Fitilarsa abin dariya ce, wata 'yar koriyar wuta ce a gefen hagu, in ka danna cikin dare rabin fuskar kawai take haskawa, sai ka karkata hannu kana ƙanƙance ido kafin ka gane ƙarfe huɗu ne ko biyar. Gilashinsa roba ne, yana saurin kwarzanewa, duk da in kwarzanen bai yi zurfi ba ɗan man goge baki da tsumma mai laushi na rage shi. Bai san shekara mai kwana 366 ba, shi a wajensa Fabrairu kullum 28 ne, don haka duk bayan shekara huɗu sai ka gyara kwanan wata da hannunka. Robar hannun kuma zafin rana da zufa irin namu suna busar da ita ta fara tsagewa daga wajen huda, sa'ar dai ita ce faɗinta milimita 18 ne kuma ana samun ta ko'ina a wajen masu gyara. Sannan ƙarami ne, in kana da kaurin hannu zai yi maka kamar ka ari na ƙaninka. Wanda yake son mai sarƙa akwai A158W, ciki ɗaya ne da shi, sarƙar ƙarfe ce amma jikin agogon roba ne aka yi masa fenti mai sheƙi, kar wani ya ce maka duk ƙarfe ne. A168W shi ne aka gyara wa fitila, duk fuskar ke haskawa shuɗi-shuɗi, in za ka iya ƙara 'yan kuɗi kaɗan ni shi zan ce ka ɗauka.

Bari in tsaya a kan maganar ruwa don nan ne ake yawan cutar mutane, kuma mu da muke alwala sau biyar a rana ta fi shafar mu. Za ka ga an rubuta 30M ko 3ATM ko 3BAR a bayan agogo, sai mai shago ya ce maka ai har mita talatin za ka nutse da shi. Ba haka ba ne. Wannan lambar gwajin matsin ruwa ne da aka yi a ɗakin gwaji, agogon na zaune ba ya motsi, sabo fil robobinsa ba su tsufa ba. A aikace 30M na nufin fantsalin ruwa da yayyafi da wanke hannu, 50M ya ɗan fi shi, sai daga 100M ne za ka iya shiga wanka ko iyo hankalinka kwance, 200M kuma na masu nutso ne. Shi F-91W a ajin farko yake, duk da mutane suna shiga ruwa da shi yana fita lafiya, amma wannan ba alƙawarin kamfani ba ne, sa'arka ce. Abin da ke hana ruwa shiga wani siririn zoben roba ne da ke zagaye da murfin baya da gindin botin, yana bushewa da shekaru, ruwan zafi da sabulu kuma suna ƙara kashe shi da wuri. Kuma kar ka danna botin ko ka ja kan saita lokaci hannunka na jiƙe. Duk ranar da ka ga raɓa ta kwanta a cikin gilas ta ciki, ka garzaya wajen mai gyara a buɗe a busar a ranar, in ka bari ya kwana biyu tsatsa ta kama injin shikenan. Ni dai ko mai 200M ne cire shi nake in zan yi alwala, ruwa ya samu fata yadda ya kamata, amma na san akwai ranar sauri da mantuwa, shi ya sa nake cewa in da hali kar ka sayi ƙasa da 100M.

Wannan ne ma ya sa in ka matsa min ka ce in zaɓi guda ɗaya tak a gidan Casio, ba F-91W zan ce ba, AE-1200WH zan ce. Shi ne mai kusurwa huɗun nan da taswirar duniya a fuska. Mita 100 ne, batir CR2025 mai shekara 10, fitilarsa ta fi ta ƙaramin, yana nuna lokacin garuruwan duniya don haka mai ɗan uwa a Jidda ko Landan ko mai kasuwanci da Guangzhou zai ji daɗinsa, ga kuma ƙararrawa har guda biyar, ka ga sai ka saita kowacce daidai da lokacin jam'in masallacin unguwarku. Kuɗinsa bai cika wuce dala 30 zuwa 40 ba. Akwai W-800H shi ma mita 100 da batir mai shekara 10, ya fi shi sauƙin kuɗi, lambobinsa manya, ya dace da dattijon da idonsa ya fara rauni. Abin da kawai zan ce a kan AE-1200 shi ne fuskarsa ta cika tarkace, wanda ba ya son hayaniya ba lallai ya burge shi ba.

Toh babbar matsalar ita ce jabu. Ina ganin babu agogon da ake kwaikwaya kamar waɗannan ƙananan Casio ɗin, har ya zama a teburin bakin titi in ka ga guda goma da wuya ka samu na gaskiya a ciki. Ga abin da nake dubawa. Ka danne botin dama ka riƙe kamar sakan uku, na gaskiya zai rubuta CASIo a fuska, in bai rubuta ba ajiye musu kayansu. Sai dai masu jabun ma sun waye, wasu sababbin suna rubutawa, don haka kar ka tsaya nan. Karkata shi ka kalli lambobin ta gefe, na gaskiya suna nan baƙi ƙirin, na jabu sai su dushe ko kuma duk layukan su bayyana kamar 88:88. Juya baya ka ga rubutun murfi, ya kamata ya fito tsaf da lambar inji 593 a cikin ɗan akwati, da noti huɗu masu kyau ba waɗanda kansu ya cinye ba. Taɓa robar, ta gaskiya tana da laushi tana lanƙwasuwa, ta jabu tauri gare ta da sheƙi kamar bokiti. Ka saurari ƙarar botin ma, na jabu ko dai ya yi tsiwa da yawa ko ya shaƙe. Kuma don ka ga an rubuta China ko Thailand a baya ba shi ne jabu ba, Casio da kansu suna da masana'antu a can. Abin da ya fi duk wannan tona asiri shi ne farashi, ka duba canjin dala na ranar ka lissafa, in abin da aka ce maka bai kai ko rabin kuɗinsa na waje ba toh ka san me kake siya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Masu siya a intanet kuma, ku nemi mai shagon da zai turo bidiyon ainihin agogon a hannunsa yana danna botin, da kwali da takardar garanti, ba hoton da ya sauke daga shafin kamfani ba.

Tunda an zo maganar jabu bari in fitar da abin da ke raina. Ban ga asarar kuɗi irin siyan Rolex ko Rado ko Hublot na ƙarya ba. Wai "fes kwafi", wai "Dubai orijina", duk sunan da aka sa masa jabu ne. Mutum zai zuba kuɗin da ya isa ya sayi Casio na gaskiya guda biyu ko uku a kan abin da cikinsa injin 'yan kwabbai ne, jikinsa ƙarfen gwangwani da ruwan gwal na ƙarya, wata uku ya fara koɗewa ta wajen da yake gogar fata, ka cire ka ga wuyan hannunka ya yi kore, wasu ma har ƙuraje yake fesa musu saboda sinadarin nikel. Ƙananan da'irorin nan uku da ke fuskar sau da yawa zane ne kawai, ka danna botin gefe ka ga ko motsi ba sa yi. Kuma wa ake ruɗa? Wanda ya san Rolex daga nesa zai gane, wanda bai sani ba kuma bai dame shi ba, sai dai ɓarawo, shi kam ba zai tsaya tantancewa ba, ga yadda ƙwacen waya ya yi yawa a gari ka ƙara wa kanka abin da zai jawo ido a banza. Gara irin su Skmei da Naviforce da Curren, su dai sunansu suka sa ba su ari na kowa ba, ka siya da sanin cewa na kwalliyar ɗan lokaci ne, in ya shekara biyu ka gode Allah.

Na san dai ba kowa ne zai sa dakakkiyar shadda da hula zanna ya ɗaura agogon roba mai lamba ba, ranar Juma'a ko ɗaurin aure ana son mai tsinke da sarƙa ko fata. A nan abin da za ka fara tambaya shi ne da wane ƙarfe aka yi jikin. Ka karanta bayan murfin da kyau, in an rubuta cewa murfin baya ne kawai silba mara tsatsa, toh sauran jikin tagulla ce ko wani haɗin ƙarfe aka shafa wa ruwa, zai koɗe wata rana. Wanda aka rubuta duk jikinsa bakin ƙarfe ne mara tsatsa shi ne ba ya canza kala, ko ya kwarzane a goge ya dawo. Casio MTP na maza da LTP na mata suna da kyau da sauƙin kuɗi, injinsu ba ya ba da matsala, amma yawancin masu arhar cikinsu shafe ne, don haka ka ɗauki mai kalar silba ya fi mai kalar gwal daɗewa da kyan gani. Q&Q ma ba laifi, 'yan gidan Citizen ne, kuma injin Miyota na Japan da ake sa wa irin waɗannan agogunan kowane mai gyara ya san shi, in ya lalace a cire a sa sabo da kuɗi kaɗan. In aljihu ya ɗan yi nauyi ka hau Casio Edifice, nan ne ake samun ƙarfe na gaske da mita 100. Akwai kuma MDV-106 da ake ce wa Duro, mita 200, kan saita lokacinsa ma murɗa shi ake ya kulle, wajen dala 50 zuwa 70, an sha ganin Bill Gates da shi a hannu, mutumin da zai iya siyan duk agogon da ya ga dama. Gilashi kuma hawa uku ne, roba, sai gilas na gama-gari mai ɗan tauri, sai saffaya wanda kusan ba abin da ke kwarzanarsa sai lu'ulu'u, shi ba a cika samunsa a ƙasa da dala ɗari ba, in ka ga an rubuta shi a agogon teburi ka yi murmushi kawai ka wuce. Madaurin fata yana da kyau amma zufar watan Afrilu ba ta barinsa, wari yake yi ya tsage, mai yawo a rana ya ɗauki sarƙa.

G-Shock kuma na masu aikin ƙarfi ne, makanike, birkila, ɗan acaɓa, soja, duk wanda hannunsa ke dukan abubuwa. Wani injiniyan Casio mai suna Kikuo Ibe ne ya ƙirƙiro shi, na farko ya fito a 1983, burinsa a samu agogon da zai faɗo daga mita 10 bai fashe ba. DW-5600 shi ne ya gaji siffar na asali mai kusurwa huɗu, mita 200, kuma yana cikin masu sauƙin kuɗi a gidan, sai dai batirin samfurinsa na DW-5600E wajen shekara 2 ne kawai a lissafin kamfani. GA-2100 da ya fito a 2019 ya fi siranta da kyan gani, samari na son sa, amma baƙi-ƙirin ɗin nan karanta shi da wahala in magariba ta yi. Matsalar G-Shock kauri, ba ya shiga hannun kaftani, sai ka ga hannun riga ya tattare a bayansa. Jabunsa kuma ya fi na kowa yawa.

Sai Seiko 5, agogon iyayenmu. Da yawanmu mun taso mun ga shi a hannun baba ko kawu, wani ma tsarabar Makka ne, da ranakun mako da Larabci a 'yar tagar gefe. Tun 1963 ake yin sa. Ba ya amfani da batir, motsin hannunka ne ke juya wani ƙarfe a ciki yana yi masa wani, wato yana murɗa sifirinsa, in ka kara a kunne za ka ji yana tafiya, tsinken sakan ɗinsa kuma ba tsalle yake ba, sulalewa yake, bugu shida a sakan. Ina son sa har raina, amma ba zan ba wa mai neman agogo ɗaya tilo shawarar ya fara da shi ba. In ka ajiye shi wajen awa 40 zai tsaya sai ka sake saiti. Injin 4R36 da ke cikin sababbin, su Seiko da kansu sun ce zai iya gudu da sakan 45 ko ya yi lattin sakan 35 a rana, ka ga a sati sai ka tarar da 'yan mintuna sun shiga tsakani. Tsohon injin 7S26 ko wani da hannu ba a yi masa, sai dai ka girgiza. Ba ya son faɗuwa, ba ya son maganaɗisu, ka ajiye shi kan sipika ko jikin murfin waya mai maganaɗisu sai ya kama gudu. Bayan 'yan shekaru yana son a buɗe a wanke a sa mai, masu iya wannan aikin kuma sai raguwa suke, yawanci dattawa ne. Sababbin da aka sake fitowa da su a 2019 sun kai dala 250 zuwa 300. Na gwanjo kuma a yi hattara, akwai masu kala-kala masu ƙyalli da ake haɗawa da tarkacen tsofaffi a Indiya a yi wa fuskar sabon fenti, sunan ne kawai Seiko.

Wanda yake da wajen dala 150 zuwa 250 kuma yana son ya huta gabaɗaya, ni Citizen Eco-Drive zan nuna masa. Haske yake ci, rana ko fitilar ɗaki, akwai faifan sola a ƙarƙashin fuskar, in ya cika yawancinsu suna wata shida a duhu ba su tsaya ba. Ba canjin batir, ma'ana ba mai buɗe maka murfi ya lalata zoben roba. Mu da Allah ya hore wa rana ai kamar don mu aka yi shi. Kar dai ka jefa shi a durowa shekara guda, kuma kar ka bar shi a gaban gilashin mota wai yana caji, zafin zai illata shi. In ka ga tsinken sakan na tsallen biyu-biyu yunwar haske yake ji, ajiye shi a taga.

Agogon Alfajr da alhazai ke dawowa da shi shi ma yana da amfaninsa, ka zaɓi garinku ya riƙa tuna maka lokutan salla, ga kwanan watan Musulunci. Sai dai lissafi yake yi, ba ganin wata ba, don haka wani lokacin zai sha bamban da sanarwar Sarkin Musulmi da kwana ɗaya sai ka gyara, kuma shigar lokaci yake faɗa ba lokacin da limaminku ke tayar da salla ba. Agogon zamani mai haɗuwa da waya irin su Oraimo kuwa ni ban ɗauke shi agogo ba, ƙanin waya ne, yana ƙirga taku yana nuna saƙo, amma duk 'yan kwanaki sai caji, ga halin wutar NEPA, batirinsa kuma in ya gaji yawanci ba a canzawa sai dai a sayi wani. Ɗalibai masu shirin JAMB kuma kar ku siya don jarrabawa, ba a shiga da agogo kowane iri.

Toh nawa za a kashe? Ba zan rubuta farashi da naira ba don tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, farashin yau daban na wata mai zuwa daban, kuma duk agogunan nan shigo da su ake. Ka riƙe lissafin dala ka buga da canjin ranar, ka ƙara ɗan abin da ɗan kasuwa zai ci da kuɗin kawowa. Dala 20 zuwa 40 ta ishe ka samun agogon da zai yi maka shekara goma yana faɗin gaskiya. Daga 50 zuwa 100 ƙarfe mai kyau da juriyar ruwa da ƙarfin jiki kake ƙarawa. Daga 150 zuwa 300 ka samu sola ko otomatik irin Seiko 5 ko gilashin saffaya, kuma a ganina nan ne amfanin ƙarin kuɗi yake tsayawa. Abin da ya haura haka, su Tissot da Rado da Longines har zuwa Rolex, suna ne da kyan aiki da sha'awa, mai hali ya siya abinsa ba wanda zai ce masa don me, amma ba minti ɗaya da zai ƙara masa. Ni ƙa'idata ita ce kar kuɗin agogo ya wuce abin da kake samu a sati ɗaya, kar ka ci bashi ko ka ɗauki adashi dominsa, kuma ya zama in ya faɗi a kasuwa za ka ji zafi amma za ka iya barci. Masu cewa siyan agogo ajiyar kuɗi ne, wannan sai wasu 'yan tsirarun samfura na manyan kamfanoni, naka da nawa ranar da ka fita da shi daga shago ya faɗi. Masu haɗa lefe ma, maimakon agogo huɗu masu ƙyalli da za su koɗe kafin a yi suna, ku sa LTP ɗaya ko ɗan Casio LA670W na gaskiya, amarya za ta daɗe tana mora.

In lokacin canjin batir ya yi ka tsaya a gaban mai gyaran ka ga abin da zai sa. Yawancin masu tsinke SR626SW suke ci, wanda ake kira 377, akwai kuma mai arha LR626 ko AG4 da girmansu ɗaya amma ba ya daɗewa kuma ya fi saurin zubar da ruwa a cikin inji, ka ce a sa maka mai SR ko da ya fi tsada. Ka duba ya mayar da zoben robar nan mazauninsa bai murɗe ba bai kuma yar da shi ba, na taɓa ganin wani ya ɗaga shi da tsinke ya ce wai datti ne. Casio mai lamba kuma bayan an sa sabon batir akwai wani ɗan wuri a jikin injin da aka rubuta AC, sai an haɗa shi da bayan batirin da ɗan hantsaki na sakan biyu kafin ya dawo daidai, in ba haka ba fuskar za ta zo babu komai ko ta riƙa rubuta shirme, mai gyaran da bai sani ba sai ya ce maka agogon ya mutu. Wanda kuma ya tsaya ka jefa a durowa, ka sa a cire masa mataccen batirin tukunna.